Laifi ne in ce ma nas ta wanke hannu kafin ta taɓa ɗiyata?

Maman Ummi, Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya tsaya mani a rai tun jiya ban runtsa ba. Ɗiyata ta fari aka yi ma tiyata aka ciro yaro yau kwana tara, an sallame mu rana ta biyar lafiya lau, mun koma gida da kwana biyu zazzaɓi ya rufe ta, wurin ɗinkin ya kumbura ya yi ja yana fidda ruwa mai wari, muka koma aka sake ba mu gado. Likita ya ce ƙwayar cuta ce ta shiga ciwon, sai da aka warware zare uku aka matse mugunya, yarinyar nan tana kuka tana riƙe da hannuna har farcenta ya shige mani. To jiya da safe ina zaune bisa tabarma gefen gado na ga mai wankin ciwo ta ida da matar da ke kusa da mu, ita ma nata ciwon ya ruɓe, da safar hannun nan dai ta ɗauki waya ta amsa kira, ta turo keken kayan aiki, ta iso wurinmu ta kai hannu ta ɓanɓare filasta. Wallahi magana ta zo mani har baki na kasa fiddawa, ina tsoron a ce na raina ta a bar mani yarinya ba mai kulawa. Ba zan faɗi sunan asibitin ba don ba tonon silili na zo yi ba. Ku da kuka san aikin, in na ce mata don Allah ta canza safar ta wanke hannu na yi rashin kunya?

Anti Rabi, Sabuwar Unguwa: Subhanallahi. Allah ya ba ta lafiya ya raya abin da aka samu. Ni kam da ni ce sai na yi magana ko za a kore mu.

Abban Sadiq: Hajiya ki yi hankali dai, in kika taɓa su sai su haɗe maki kai, ka kira cikin dare a yi kamar ba a ji ba. Mun gani ba labari ba. Mai jinya haƙuri ne abincinshi.

Sista Hauwa: Wa alaikumus salam Maman Ummi, sannu da jinya. Ni nas ce, shekarata goma sha ɗaya ina wannan aikin, kuma ina gaya maki ba ki yi laifi ba in kin faɗa, hakkinki ne. Abin da kika gani kuskure ne babba. Safar hannu ta mara lafiya ɗaya ce kuma aiki ɗaya, kana gamawa ka cire ka jefa a kwandon shara ka tsabtace hannu, sannan ka sa sabuwa in aikin gaba na buƙata. Wadda ta yi yawo da safa ɗaya gado zuwa gado kanta kawai ta kare, cutar kau ta raba ma kowa. Hukumar lafiya ta duniya ta ware lokuta biyar da ake koya mana tun muna makarantar nas, kafin ka taɓa mara lafiya, kafin ka yi aiki mai son tsabta irin wankin ciwo ko sa kanula, wato robar da ake sa ma jijiya don ƙarin ruwa, ko robar fitsari, bayan ka haɗu da jini ko fitsari ko mugunya, bayan ka taɓa mara lafiya, sai bayan ka taɓa kayan da ke kewaye da shi ko da ƙarfen gado ne ko sandar ƙarin ruwa. Wannan na ƙarshen ana yawan mantawa da shi. Amma Abban Sadiq don Allah kar a yi mana kuɗin goro, ba dukanmu ne ke riƙon mutane a rai ba.

Abban Sadiq: Sista ban ce duka ba, amma ke ma kin san akwai su.

Nura na ɗakin tiyata: Akwai su, ba mai musu. Amma jama'a ku ji ɗaya ɓangaren ma. Na taɓa aiki a wani asibiti da famfon ɗakin kwanciya ya shekara bai ɗiga ba, kwanon wanke hannun ya zama wurin aje fayil da kwalin allura. In ba wuta bohol ba ya tashi, in janareto ba mai shi ke nan, sai a kira 'yan ga-ruwa su zuba a randar roba, kuma mu muke haɗa kuɗin sabulu daga aljihunmu. Dare guda nas ɗaya da mataimakiya ɗaya su riƙe gado talatin, wannan na kiran ruwanshi ya ƙare, wancan numfashi ya sarƙe, wata na naƙuda. Wanke hannu da sabulu yadda ya kamata sakan 40 zuwa 60 ne, ka haɗa da tafiya zuwa inda ruwan yake ƙarshen baranda ka dawo, ka lissafa sau nawa za ta yi a dare ɗaya. Safar ma sau da yawa mai jinya ake rubuta ma ya sayo, ya kawo guda biyu ya ce iya kuɗinshi ke nan. Ban ce ta yi daidai ba, wallahi ba ta yi ba, amma a san inda gizo ke saƙa.

Maman Ummi, Ƙofar Marusa: Malam Nura mu kwali guda aka rubuta mana kuma mun saya, yana nan cikin lokar gado ba a ko ci rabi ba.

Nura na ɗakin tiyata: To in haka ne Hajiya ba ta da hujja ko kaɗan. Na janye wannan.

Dakta Bello: Sannunku jama'a, Hajiya Allah ya ba ta lafiya. Da farko kar ki ɗora ma kanki laifi, kuma ba za a iya rantsuwa cewa ga hannun da ya sa mata cutar tun farko ba, don ciwon tiyata kan ruɓe ta hanyoyi da yawa, daɗewar naƙuda bayan faya ta fashe, ƙarancin jini, ciwon suga, kayan aikin da ba a dafa da kyau ba, ko yadda aka kula da ciwon a gida. Amma hannun ma'aikaci shi ne babbar hanyar da ƙwayar cuta ke bi daga wannan gado zuwa wancan, wannan ba gardama a kai. Tun 1847 aka gane haka. Wani likita ɗan Hangari mai suna Ignaz Semmelweis yana aiki a asibitin haihuwa na birnin Biyenna, ya lura ɗakin da likitoci da ɗalibai ke amsar haihuwa mata sun fi mutuwa da zazzaɓin jego nesa ba kusa ba a kan ɗakin ungozomomi. Ashe likitocin daga ɗakin binciken gawa suke fitowa su wuce kan masu naƙuda. Ya tilasta kowa ya wanke hannu da ruwan kulorin, mutuwar da ta kai wajen 18 cikin 100 a watan Afrilu ta sauko wajen 2 cikin 100 a watan Yuni. Abokan aikinshi da yawa suka ji haushi wai ya ce hannunsu na kashe mutane, ya rasu a 1865 ba a amshi maganar tashi ba. Jin haushin nan har yau bai bar mu ba, har ni da nake rubutun in aka tuna mani gaban mutane sai na ji wani abu ya taso, sai na danne. A rahoton da hukumar lafiya ta duniya ta fidda a 2022, cikin mutum 100 da aka kwantar, a ƙasashe masu arziki 7 za su kwashi wata cuta a asibitin, a ƙasashe irin namu 15, kuma cikin waɗanda suka kwasa kusan 1 cikin 10 shi ke zama ajalinshi. Don haka Hajiya maganar da kika haɗiye ba ƙarama ba ce.

Ɗan Daura: Dakta 15 cikin 100 fa? Innalillahi. Ashe shi ya sa tsofaffinmu ke cewa ka je da ciwo ɗaya ka dawo da biyu, muna ganin kamar ƙin asibiti ne kawai.

Dakta Bello: Ɗan Daura kar wannan ya zama hujjar zama gida fa. Ɗiyar Hajiya da ba a yi tiyatar ba Allah kaɗai ya san abin da zai faru da ita da yaron. Gyara muke nema, ba guduwa ba.

Sista Hauwa: Malam Nura maganar lokaci gaskiya ce, amma ai shi ya sa aka kawo sanitaiza. In hannu ba datti da ido ke gani, ka matsa cikin tafi ka murje sakan 20 zuwa 30 har ya bushe, kana tafiya kana yi, ba ka nemi ruwa ba ba ka nemi tawul ba. Ni ƙaramar roba ce kullum cikin aljihun rigata, ni nake saye. Sai dai a duba jikin robar, sinadarin alkohol ɗin ya kai kashi 60 cikin 100 ko fiye, don bayan korona an cika kasuwa da wasu da ƙamshi kawai ke gare su. In kau akwai jini ko kashi a hannu, ko ka fito bayi, ko mara lafiyar gudawa yake, to sai ruwa da sabulu, akwai ƙwayoyin gudawar da sanitaiza ba ta kashewa. Kuma inda ake tsallakewa kullum babban yatsa ne da kan yatsu da tsakankaninsu, mutum ya shafa tafi da tafi sau biyu ya ce ya gama.

Alhaji Mamman, Rafindaɗi: Ni tambayata ga malamai, wannan sanitaizar ba giya ce a ciki ba? In na shafa lokacin salla ya yi fa? Akwai ɗan uwana da ya kwanta ya hana a shafa mashi ya ce najasa ce.

Malam Abdullahi: Alhaji malamai sun yi saɓani tun da a kan ko ita giyar kanta najasa ce a jiki ko shanta ne haramun, amma mafi yawan masu fatawa a wannan zamanin sun halatta amfani da irin wannan don magani da tsabta, ba sha ake yi ba kuma yana bushewa ya tashi. Wanda ya je Umara bayan korona ya ga yadda aka jera shi a ƙofofin Harami. Wanda zuciyarshi ba ta natsu ba ya ɗauraye hannu in zai yi alwala, shi ke nan, amma kar ya hana ma'aikaci tsabtace nashi hannun. Kuma ai addininmu ya daɗe da koyar da wannan, ya zo a Bukhari da Muslim cewa wanda ya tashi daga barci kar ya tsoma hannu cikin mazubin ruwa sai ya wanke shi, don bai san inda hannun ya kwana ba. Hannun da ya kwana a jikinka ke nan, ina ga wanda ya kwana yana taɓa ciwon mutane. Abu ɗaya zan ƙara, na sha jin mutum ya ce ai da alwalata, alwala tsarki ce ta ibada, ba ta ɗauke ma mai wankin ciwo sabulu ba.

Alhaji Mamman, Rafindaɗi: Allah gafarta Malam na gode, zan tura mashi.

Inna Talatu mai shara: Ku bar ni in sa baki ko da ba ni da boko mai yawa, ɗana ke rubuta mani. Shekara ashirin ina share ɗakin mata da wanke bayi. Ana ta maganar nas amma ba a taɓo 'yan dubiya ba. Lokacin dubiya na yi sai ku ga mutum goma sha biyar kan gado ɗaya, wannan ta zauna bisa katifar mai ciwo da zanen da ta hau Keke da shi, wannan ta ɗage riga wai ta ga ɗinkin, jariri ɗan kwana ɗaya a yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu ana sumbata ana tofi, ba wadda ta ga ruwa. In za a ci tuwo kwano ɗaya na ruwa kowa zai tsoma hannu, ta ƙarshe da dattin kowa ta wanke. Buta ɗaya daga bayi zuwa gefen gado, a ɗauke ta da hannun da za a ba mara lafiya kunu. In na ce Hajiya ga sabulu can sai a kalle ni sama da ƙasa a ce mai shara ce za ta koya mana tsabta. Na sha kuka a kan wannan.

Anti Rabi, Sabuwar Unguwa: Inna wallahi kin faɗi gaskiya, har jikina ya yi sanyi don ni ma ina cikin masu ɗaukar jariri daga shigowa. Ki yafe mana.

Sista Hauwa: Inna Talatu Allah ya biya ki, ɗakin da mai shara ta iya aikinta ko daga ƙofa ana ganewa. Ga kuma cibiya, a sallami jariri lafiya a je gida a yi ta gasa ta da tsumma ana shafa man goge baki ko toka, kwana huɗu a dawo da shi ya ƙi kama nono jiki zafi. Akwai man kulohezidin da ake badawa don cibiya, a wanke hannu a shafa shi kaɗai a bar wurin a buɗe. Maman Ummi tunda uwar na kwance ki sa ido a kan wannan ma.

Abban Sadiq: To yanzu an bar maganar ma'aikata an dawo kan talaka ke nan. Kullum haka ake, a ƙarshe mai jinya ne mai laifi. Ina kuɗin da ake ware ma asibitoci? Mi ya sa sai annoba ta zo ake ganin bokiti?

Ɗan Daura: Nan kam ina bayanka Abban Sadiq. Ku tuna 2014 da Ebola ta shigo Legas, har bankuna da makarantu sai ka wanke hannu ka shiga, mutane har wankan gishiri suka tashi yi cikin dare saboda jita-jita. Da korona ta zo 2020 aka jera bokitai masu famfo ko'ina, yau ka je ka duba, wani an fasa wani ana jiƙa wanki a ciki.

Dakta Bello: Gaskiya ne, kuma Ebolar nan darasi ce. Mutum 20 suka kamu a Najeriya 8 suka rasu, cikinsu har da Dakta Stella Adadevoh wadda ta hana mutumin da ya shigo da cutar fita daga asibiti, kuma da yawa cikin waɗanda suka kamu ma'aikatan lafiya ne. Zazzaɓin Lassa ma tun da aka gano shi a garin Lassa na Borno a 1969 nas-nas ya fara kashewa, har yau kusan duk rani sai mun ji an rasa abokin aiki. Ina faɗin wannan ne don nas ɗin da ta ɗauki waya da safa mai mugunya, wayar nan kuncinta za ta kara ta, gida za ta kai ta yaronta ya yi wasa da ita. Abban Sadiq maganar ruwa kau haƙƙin hukuma ne ba na mai jinya ba, rahoton hukumar lafiya ta duniya da UNICEF na 2022 ya ce rabin cibiyoyin lafiya na duniya ba su da cikakken wurin tsabtace hannu a inda ake duba mara lafiya da kuma bayi. A yi ta matsa ma shugabannin asibiti da kwamitin lafiya na mazaɓa da 'yan majalisa. Amma ɗiyar Hajiya gobe da safe za a sake buɗe ciwonta, ba za ta jira kasafin kuɗi ba.

Maman Ummi, Ƙofar Marusa: Dakta abin da ke damuna ke nan. To ta yaya zan faɗa ba tare da an yi rigima ba? Ni ban iya faɗa ba, kuma nas ɗin sa'ar ɗiyata ce ma.

Sista Hauwa: Ki sayi ƙaramar sanitaiza ki aje bisa loka tare da kwalin safar. In ta iso ki gaishe ta, ki fara shafa ma hannunki tana gani, sannan ki miƙa mata ki ce sista ga wannan, ga kuma sabuwar safa, likita ya ce ciwon ya kama cuta shi ya sa nake tsoro. A hankali, ba gaban mutane da ɗaga murya ba, kuma kar ki ɗauki waya kamar za ki yi bidiyo, wannan shi ke tada rigima. In ta ƙi, ki nemi babbar sista mai kula da ɗakin ki gaya mata a keɓe. Asibitoci da yawa yanzu suna da wanda aka ɗora ma hana yaɗuwar cuta, ki tambaya ko akwai.

Nura na ɗakin tiyata: Kuma ki duba almakashi da abin kama auduga, a gabanki ya kamata a buɗe su daga ƙunshin da aka dafa, ba a ciro su daga kwanon da aka yi ma wata aiki ba. Ki kalli hannun ma, mai wankin ciwo bai kamata ta zo da zobba da agogo da dogon farce ba.

Abban Sadiq: Allah ya sa ta amsa da daɗi. Ni dai na faɗi abin da na gani.

Malam Abdullahi: Hajiya ki yi bismilla ki faɗa, amana ce a hannunki.

Maman Ummi, Ƙofar Marusa: Salamu alaikum, na dawo da bayani. Yau da safe ita ce dai ta zo. Na yi yadda Sista Hauwa ta ce, hannuna har rawa yake da na miƙa mata robar. Ta tsaya ta kalle ni, fuskarta ta canza, ta ce Mama kina ganin ban san aikina ba ne, na ce a'a ɗiyata, tsoro ne irin na uwa, ki yi mani haƙuri. Ba ta ce komi ba, ta cire safar da ta zo da ita ta jefa a kwando, ta shafa ta murje, ta sa sabuwa ta yi aikin. Ba ta yi mani sallama ba da za ta tafi, amma na bi ta da ido na ga ta canza safa a gado na gaba. Matar da ke kusa da mu ta aiki ɗanta ya sayo tata robar. Na kuma hana 'yan dubiya zama bisa gado, ƙanwar mijina ta yi fushi ta tafi da kular abincinta, wannan sai mun koma gida za a sasanta. Zazzaɓin ya sauka tun daren jiya, sun ɗebi ruwan ciwon an kai gwaji don a san maganin da zai kama shi, an ce sai jibi sakamako zai fito. Inna Talatu na gaida mai sharar ɗakinmu na tambaye ta, ta ce bokitin bakin ƙofa famfonshi ne ya karye tun kafin azumi. In akwai wanda ya san inda ake saida kan famfon a Babbar Kasuwa ya yi mani kwatance, Baban Ummi zai biya ya sawo da yamma.